Kula da Ƙwaƙwalwar Mai Jego, Daga Faɗuwar Mabiyiya Zuwa Bayan Arba'in

A rana ta uku ko ta huɗu da haihuwa, daidai lokacin da 'yan barka suka fi cika ɗaki, sau da yawa za ku ga mai jego ta juya wa mutane baya tana share hawaye da bakin zani. Ku tambaye ta abin da aka yi mata, ta ce babu komai, kuma gaskiya ta faɗa. A ranar ne kuma nononta ke cika ya yi tauri, ya yi zafi, har ta kasa ɗaga hannu sosai. Kukan da zuwan nonon tushensu ɗaya ne, wato saukar da wasu sinadarai suka yi a jininta tun daga lokacin da mabiyiya ta faɗo.

Sinadaran nan su ne likitoci ke kira homon. Saƙo ne da wani sashe na jiki ke zubawa a jini domin wani sashen ya karɓa ya yi aiki da shi. Sauyawarsu bayan haihuwa tana da jeri da lokaci, kusan kamar kalanda. Wanda ya san jerin zai gane kukan da zai wuce da kansa, da wanda sai an je asibiti. Bayanin nan na masu zama da mai jego ne: uwa, gwaggo, uwar miji, ungozoma, da shi kansa maigida.

Abin da mabiyiya ke tafiya da shi

Bayan makonnin farko na goyon ciki, mabiyiya ce ke sarrafa homon guda biyu masu riƙe ciki, istirojin da furojestaron. Zuwa watan haihuwa furojestaron yakan ninka kusan sau goma a kan mafi yawan da yake kaiwa a watan da babu ciki, istirojin kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Da zarar mabiyiya ta fita, masana'antar ta tafi ke nan. Cikin kwana biyu zuwa uku duka biyun sun zube kusan ƙasa. Babu wani lokaci a rayuwar ɗan Adam da homon ke faɗuwa da irin wannan saurin.

Abin ya shafi hankali ne saboda jiki yana narkar da furojestaron ya fitar da wani sinadari mai kwantar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ke bi ta ƙofar da magungunan kwantar da hankali irin su Valium ke bi. Wata tara ƙwaƙwalwa tana jiƙe a cikinsa, ta saba, sai a wayi gari an janye shi gaba ɗaya. Kafin ta daidaita kanta akwai 'yan kwanaki na saurin kuka, saurin fushi, faɗuwar gaba da gumin dare.

Ita ƙwaƙwalwar kanta ma ta canza. A binciken da Elseline Hoekzema da abokan aikinta suka yi a Basalona ta ƙasar Sifen, wanda ya fito a 2017, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 kafin cikin fari da kuma bayan sun haihu. An ga wasu sassa sun ɗan rage kauri, musamman waɗanda mutum ke amfani da su wajen karantar fuska da gane abin da ke ran wani. Sassan nan su ne suka fi motsawa idan aka nuna wa uwar hoton jaririnta, kuma canjin yana nan har bayan shekara biyu. Masana sun fi ɗaukar wannan a matsayin gyara, kamar yadda manomi ke rage tsiron gero a rami ya bar biyu ko uku domin su yi ƙwari. Mai jego za ta manta inda ta ajiye makulli, amma ta ji ɗan motsin jaririnta cikin barci alhali injin markaɗe na maƙwabta bai tashe ta ba.

Awa ta farko

Da an haifi jariri yana numfashi lafiya, a goge shi da busasshen zani, a kwantar da shi tsirara a tsakanin nonon uwarsa, cikinsa a kan fatarta, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. A bar su haka awa ɗaya cur. Awo da sa kaya su jira. Wanka kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi zuwa awa 24, in hakan ba zai yiwu ba to aƙalla awa 6. Idan ba a dame shi ba, jariri yakan huta, ya fara tsotsar hannu, ya yi ta jan jiki har ya lalubo kan nono, galibi cikin awar nan.

Ɗumin fatarsa da tsotsonsa su ke sa ƙwaƙwalwar uwa ta saki oksitosin. Wannan homon yana matse mahaifa ya rage zubar jini, yana turo nono, yana kuma kwantar da tsoro ya ja hankalin uwa kan ƙanshin ɗanta da fuskarsa. Allurar oksitosin da ake yi wa mace a cinya nan take bayan haihuwa aikinta tsayar da jini ne, kuma wajibi ce, amma kaɗan ne daga cikinta ke isa ƙwaƙwalwa. Ba ta maye gurbin rungumar.

Kada a matse dakashi a zubar. Ruwan nan mai kauri, rawaya, shi ne rigakafin farko, kuma cikin jaririn kwana ɗaya bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Duk kwanan da aka ɗauka ana jiran "nono mai kyau" ana ba shi ruwa, kwanan da aka hana ƙwaƙwalwar uwa saƙon tsotso ne.

Idan tiyata aka yi, ko aka kai jariri kwalba, a fara da zarar an samu hali, kuma kada wani ya ce wa uwar ta makara. Makiyaya sun san tunkiyar da aka raba da ɗanta a awannin farko tana iya tunkuɗe shi idan aka dawo da shi, domin ita a ɗan wannan lokacin take haddace ƙanshinsa. Mutum ba haka yake ba. Ko a ɓeraye, Jay Rosenblatt ya nuna a 1967 cewa macen da ba ta taɓa haihuwa ba, idan aka bar ta da jarirai kusan mako guda, sai ta fara tattara su tana lasa. Homon yana gaggauta shaƙuwa, amma yawan ɗauka da taɓawa shi ma yana gina ta, wanda ya sa kaka da mai riƙo ke shaƙuwa da yaro kamar su suka haife shi. Wani bincike da aka yi a Landan a 1980 ya gano cewa kusan 4 cikin 10 na masu haihuwar fari ba su ji komai ba a karon farko da aka miƙa musu jariri. Yawancinsu cikin mako guda son ya shigo.

Nono: ɗaya na haɗawa, ɗaya na turowa

Homon ɗin firolaktin ne ke sa nono ya haɗa ruwa. Yana da yawa tun lokacin ciki, furojestaron ne ya danne shi. Da furojestaron ya faɗi sai hanya ta buɗe, ruwan nono ya zo tsakanin rana ta biyu da ta huɗu. Daga nan kuma tsotso ne ke riƙe shi. Kowane shayarwa yana ɗaga firolaktin, ya kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan an fara, wato tsotson yanzu yana tanadin nonon anjima ne. Ya fi tashi da dare. Saboda haka a shayar sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, har da dare. Macen da ba ta shayarwa, cikin mako biyu zuwa uku firolaktin ɗinta ya koma yadda yake kafin ciki.

Oksitosin kuwa shi ke matso ruwan ya fito, kuma homon ne mai jin kunya. Zafin ciwo, tsoro, faɗa, ko idon mutane, duk suna tsayar da shi. Ku dubi yarinya mai haihuwar fari: ɗaki cike da dangin miji, ana kallon ko za ta nuna rawar kai a kan ɗan fari, jariri na tsala kuka, wata na cewa nonon ba ya isarsa. Nonon yana nan a cike, sakinsa ne ya gagara. Maganin mai sauƙi ne. A saki labule ko a fitar da mutane, a ba ta abin jingina bayanta, a ajiye mata ruwan sha kusa, a ɗora mata tsumma mai ɗumi a ƙirji na 'yan mintuna kafin a sa jariri. Alamar ya saki ita ce ɗaya nonon ya fara ɗiga, ƙishirwa ta taso mata, mara ta murɗa, tsotson jariri ya sauya daga sauri-sauri zuwa ja mai zurfi da haɗiya da ake ji.

Murɗawar marar nan mahaifa ce ke komawa mazauninta, ta fi tsanani daga haihuwa ta biyu zuwa sama, kuma takan lafa cikin kwana uku zuwa huɗu. Farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a kwana, ba ya cutar da jariri. Idan kan nono ne ke tsagewa, kamun ne bai yi ba: bakin jariri ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya cika baki da baƙin da ke kewaye da kan nonon.

Idan rana ta biyar ta wuce nono bai zo ba, ko jariri ba ya fitsari sau shida a kwana, a daina ɗora wa kunu laifi a je a duba. Guntun mabiyiya da ya maƙale a mahaifa yana ci gaba da zuba furojestaron ya hana nono zuwa, kuma yakan zo da jinin da ba ya raguwa, ko wari, ko zazzaɓi. Zubar jini mai yawa, tiyata da ciwon suga su ma suna jinkirta shi.

Akwai kuma matan da, daƙiƙu kaɗan kafin nono ya saki, wani baƙin ciki ko ƙunci ke lulluɓe su, ya ɗauki minti ɗaya zuwa biyar ya wuce. Abin daga motsin sinadaran sakin nono ne, ba ƙin ɗa ba ne, kuma sanin hakan kaɗai yana rage masa nauyi.

Kukan rana ta uku da hidimar suna

Rabin masu jego zuwa 8 cikin 10 suna shiga wannan halin. Yana farawa a rana ta biyu ko ta uku, ya yi ƙarfi tsakanin ta uku da ta biyar, ya washe kafin mako biyu. Alamar da ke bambanta shi da ciwo ita ce yana zuwa yana tafiya. Ta yi kuka da hantsi, da la'asar tana dariya, tana cin abinci, idan an karɓi jariri tana iya barci.

Ba ya buƙatar magani. Kada a ce mata ta yi butulci ga Allah da ya sauke ta lafiya, kada kuma a tsare ta da tambayar wa ya ɓata mata rai, domin idan aka matsa sai ta nemo wani ta ɗora masa, a haifar da rigimar da babu ita. A zauna kusa da ita, a ba ta abinci mai ɗumi, a ce mata sananne ne kuma zai wuce.

Abin lura shi ne shirin suna yana faɗowa daidai kan waɗannan kwanakin. Lissafin abinci, ɗinki, kitso, lalle, wa aka gaya wa wa aka manta, duk a ɗauke mata. A ranar sunan kanta a ware mata ɗakin da za ta shiga ta shayar ta kuma kwanta, ko da awa ɗaya ce da rana.

Barci, da tunanin da take jin kunyar faɗa

Bayan haihuwa sashen ƙwaƙwalwa mai gadin haɗari yana zama a faɗake fiye da da. Amfaninsa a fili yake, amma idan rashin barci ya haɗu da shi sai ya zarce. A cikin duk abin da iyali ke iya yi, babu wanda ya kai tsare mata barci.

Abin da ake nema shi ne barci mai haɗe, ba tsinke-tsinke ba. Ta shayar sosai bayan isha'i, mai taya ta zama ta karɓi jariri ta koma gefe ko ɗaki na kusa. A makonni biyun farko kada a bar shi ya wuce awa uku zuwa huɗu bai sha ba, saboda haka idan ya nema a kawo shi ta shayar a kwance ta gefe, sannan a ɗauke shi. Sa shi gyatsa, canza masa ƙunzugu da jijjiga duk aikin mai taya zama ne. Idan ya mayar da nauyin haihuwarsa, wanda yakan faru tsakanin kwana 10 da 14, ana iya miƙa barcin farko ya kai awa huɗu zuwa biyar. Jariri ya kwanta a rigingine, a shimfiɗa marar laushi, cikin gidan sauro. Da rana a sa wa 'yan barka lokaci, a bar mata tsakanin azahar da la'asar. Idan daren ya yi tsanani, wankan asuba ya jira hantsi.

Da yawan masu jego, har da iyaye maza, wani mugun hoto yakan faɗo musu a rai ba shiri: ga jaririn ya suɓuce ya faɗa rijiya, ko cikin tukunyar ruwan wanka, ko ita da kanta ta sake shi. Sai gabanta ya faɗi, ta ƙanƙame shi, ta daina bi ta kusa da rijiyar, ta kuma ɓoye abin don kada a ce ta haukace. Tunanin da ke tsorata mai shi, wanda take gudu, aikin mai gadin nan ne da ya wuce gona da iri, kuma ba ya nuna za ta aikata. Idan ya yawaita har ya hana ta yi wa jariri wanka ko ɗaukarsa, akwai magani, a gaya wa likita. Abin da ke da haɗari shi ne tunanin da ta gaskata, wanda bayaninsa ke tafe.

Wanka da kunun kanwa

Zaman jego na kwana arba'in, da hutu da abinci da mace babba a kusa, gata ne da mata a ƙasashe da yawa ba su da shi. Ruwa mai ɗumi yana sassauta jiki yana taimakon sakin nono. Matsalar tana wajen wuce iyaka. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana yawan ciwon kasawar zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini. A sirka ruwan wanka yadda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, a rage kanwa sosai, mai hawan jini kuwa ta bar ta gaba ɗaya.

Dalilin kawo wannan a nan shi ne ciwon jiki yakan yi shigar damuwa. Haki, bugun zuciya, kasa kwanciya sai an tara matasai, tari da dare da kumburin ƙafa na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi na hawan jini ne, kuma jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa. Ƙarancin jini yana kawo kasala da ƙunci, saboda haka a ci gaba da shan maganin ƙarin jini mako 6 zuwa 12.

Idan mako biyu ya wuce ba ta washe ba

Nan an shiga ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan mata 13 cikin 100 a duniya, a ƙasashe masu tasowa kuma kusan 20. Yana iya farawa tun da ciki, ko a kowane lokaci cikin shekarar farko.

Babu gwajin jinin da ke nuna shi, domin homon ɗin mai ciwon da na marar ciwon faɗuwa ɗaya suke yi. Bambancin yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar faɗuwar. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2000, an ɗaga wa mata 16 homon da magani kamar na ciki, sannan aka janye. Cikin 8 da suka taɓa yin ciwon, 5 alamun sun dawo musu. Cikin 8 da ba su taɓa yi ba, ko ɗaya. A kan wannan gadon halitta sai rayuwa ta ɗora nata: miji marar kulawa ko mai duka, rashin abin hannu, zaman doya da manja da kishiya ko dangin miji, gorin an sake haifar mace, jariri marar lafiya ko wanda bai zo da rai ba, yoyon fitsari, ƙuruciya.

Da wuya ta ce tana cikin baƙin ciki. Abin da za ku ji shi ne "jikina ya mutu", "kaina yana ɗaukar zafi", "gabana yana ta faɗuwa", "wani abu yana yawo a jikina". Ku lura da barci: jariri ya yi barci, an karɓe shi, amma idonta biyu. Ku lura da abinci, da wanka da kwalliyar da ta daina, da yawan cewa ita ba uwar kirki ba ce. Kunyar ɗan fari tana iya rufe abin, tana kuma iya sa a zargi mai lafiya. A leƙa lokacin da take zaton babu mai kallo. Mai kunya idan ta keɓe tana kallon fuskarsa, tana yi masa magana, tana shinshinar kansa. Mai ciwo tana shayarwa idonta na kan bango.

A keɓe da ita a yi mata tambaya biyu. A watan nan, kin yawaita jin ƙunci ko yanke ƙauna? Abubuwan da kike jin daɗinsu da, kin daina jin daɗinsu? Idan ta amsa e ga ɗaya, a je asibiti. A can akwai takardar tambayoyi 10 ta Edinbara, wadda ake amfani da ita tun 1987. Maki 13 ko fiye cikin 30 yana nuna a duba da kyau. A kuma tambaye ta kai tsaye ko tana jin gara ta mutu, ko tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. Idan ta ce e, ranar za a tafi, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin.

Mai sauƙi yana jin maganin zama da magana. Akwai tsarin da aka gwada a karkarar Rawalfindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na unguwa ke ziyartar uwa suna koya mata sauya tunani da tsara hutu, abinci da wasa da jariri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2015. Mai tsanani yana buƙatar ƙwaya. Wadda aka fi ba masu shayarwa ita ce ake rubuta sunanta sertraline a jikin kwali, domin kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono. Likita ne zai rubuta. Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne: a daina bayan mako guda don ba a ga canji ba, alhali sai mako biyu zuwa huɗu take fara aiki, ko a daina da an ji sauƙi, alhali ana ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa. A 2023 Amurka ta amince da wata ƙwaya ta kwana 14 da aka ƙera a kan sinadarin nan mai kwantar da jijiya da mabiyiya ke tafiya da shi, sai dai tsadarta ta sa ba ta zama abin dogaro a nan ba.

Ruɗewar jego

Wannan tana kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma ba ta jira. Galibi cikin mako biyun farko take zuwa, sau da yawa kafin suna. Farkonta rashin barci dare biyu ko uku ba tare da jin gajiya ba, sai surutu marar kan gado, ko shiru da kallon wuri ɗaya. Ta ce an canza mata jariri, ko ba mutum ba ne, ko ana yi mata magana a kunne, ko an zuba wani abu a abincinta. Tana lafawa tana tashi, da safe kamar lafiyarta ƙalau, da dare ta birkice, kuma lafawar nan ce ke yaudarar iyali su ce a ƙara kwana ɗaya.

A nan ne aka fi cewa iska ce ta buge ta don ta fita da magariba. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a haɗa su a rana ɗaya. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya, kada a yi mata gardama kan abin da take faɗa, kada a ɗaure ta ko a doke ta ko a turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki. A fara da asibiti mafi kusa domin a auna zafin jiki da hawan jini, tunda ƙwayar cuta a mahaifa, zazzaɓin cizon sauro da hawan jini duk suna ruɗa mai jego. Daga nan a nemi likitan ƙwaƙwalwa, a asibitocin koyarwa ko na musamman irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Da magani yawancinsu suna warkewa sarai. Amma kusan 1 cikin 3 abin yana dawo musu a wata haihuwar, saboda haka wadda ta taɓa yi, ko take da ciwon da ke sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da ƙunci, a gaya wa likita tun a awon ciki a shirya magani da tsarin barci kafin naƙuda.

Bayan arba'in

A je awon mako shida ko da komai lafiya. Wasu abubuwan sai yanzu suke fitowa. Zubar gashi a wata na uku zuwa na huɗu gashin da istirojin ya riƙe ne lokacin ciki, zai tsiro. Kusan mace 1 cikin 20 ƙwayar tayirod da ke gaban wuyanta takan kumbura ta rikice: tsakanin wata ɗaya da huɗu bugun zuciya, rawar hannu da rama, daga baya kuma sanyin jiki, jin sanyi, bushewar fata da mantuwa. Wannan gwajin jini yana nuna shi. Wadda ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono bai zo ba sam, al'ada ta ƙi dawowa bayan watanni, gashin hammata da na mara ya zube, to 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin homon ce ta samu rauni, ciwon da likita Sheehan ya bayyana a 1937. Yana da magani, amma ana iya shekaru ana yi masa kallon lalaci.

Maigida ya sani cewa shayarwa tana riƙe istirojin a ƙasa, abin da ke kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa. Ba ƙiyayya ba ce, kuma man da ake sayarwa a kemis domin haka yana taimakawa. Shi ma jikinsa yana sauyawa idan yana ɗaukar jariri: a wani dogon bincike a Sebu ta ƙasar Filifin da ya fito a 2011, homon ɗin mazantaka ya sauka a jinin sababbin iyaye maza, ya fi sauka a waɗanda suka fi daɗewa suna hidimar yaro. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya karye, kariyar ta tafi. Ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin tana iya rage nono, don haka mai shayarwa ta nemi marar shi.

Yaye ma sauyin homon ne. Idan aka ɗauke yaro rana ɗaya aka kai shi gidan kaka, firolaktin da oksitosin suna faɗuwa lokaci guda, nono ya sanƙare, wasu matan kuma ƙunci ya rufe su na makonni ba su san dalili ba. A janye shayarwa ɗaya, a jira kwana uku zuwa bakwai, sannan a janye ta gaba. A fara da ta tsakar rana, ta kwanciyar barci ita ce ta ƙarshe.